Albashina ba ya kai ni goma ga wata, ga bashi ta ko'ina: ta ina zan fara?

Tambaya: Ni malamin sakandare ne, ina da mata ɗaya da yara huɗu, muna zaune a gidan haya. Abin da ke shigowa asusuna bayan an cire na cirewa naira dubu 152 ne, kuma kafin goma ga wata babu ko sisi. Mai shagon unguwarmu yana bina dubu 64. Na ci dubu 40 a wata manhajar bayar da bashi ta waya, zan mayar da dubu 52 ƙarshen wata, kuma kusan kullum ina biya nake sake karɓa. Abokin aikina yana bina dubu 30, yayan matata dubu 100. Ƙungiyarmu ta gama kai saura dubu 180, ana cire dubu 20 duk wata tun kafin albashi ya iso hannuna. Hayarmu dubu 180 ce a shekara. Ana ta ce mini in tsara kasafin kuɗin gida, ni kuwa ban ga abin da zan kasafta ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, Allah Ya yaye maka, Ya rufa mana asiri baki ɗaya. Aikina lissafin kuɗi ne, kuma na shekara da shekaru ina riƙe da ma'ajin wata ƙungiyar gama kai ta ma'aikata, don haka irin wannan takarda taka na sha ganinta a kan teburina. Abin da ya fara faranta mini rai shi ne ka iya jero masu binka ɗaya bayan ɗaya, kowa da adadinsa. Mafi yawan waɗanda suke zuwa wurina ba sa iya haka. Sai ka tambayi mutum nawa ake binsa, ya ce "da ɗan dama," don gabansa faɗuwa yake idan ya tuna jimilla. Taka jimillar dubu 426 ce. Ka rubuta ta a shafin farko na sabon littafi, ka sa kwanan wata, domin daga nan za mu riƙa auna tafiya.

Kada ka ɗora wa kanka laifin da ba naka ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura dubu ɗaya a ƙarshen 2024, kuma ta ja komai ta tafi da shi, daga kuɗin mota har kwanon masara. A watan Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dubu 30 zuwa dubu 70 a watan Yulin 2024, amma duk mai cefane ya san kasuwa ta riga ƙarin yin gaba. Magidancin da albashinsa yake isarsa a da, yau ya ga ba ya isa, ba lallai ne hannunsa ya buɗe ba. Sai dai farashin fetur ba ya hannunka, ni ma ba ya hannuna. Abin da ke hannunka shi za mu yi magana a kai.

Ka ce ba ka ga abin da za ka kasafta ba, kuma gaskiya ka faɗa, saboda albashinka ba na watan da kake ciki yake yi wa aiki ba. Watan da ya wuce yake biya. Ka tuna yadda ranar take kasancewa: saƙon banki ya shigo da yamma, ka wuce wurin mai POS, ka kai wa mai shago dubu 64 ya ja layi a shafinka, manhaja ta ɗauki dubu 52, saura dubu 36 a hannunka alhali ba a sa ko ƙwayar shinkafa ta sabon wata a gida ba. Washegari ka aiki yaro shago, "ka ce a ba da kwano biyu a rubuta," sabon shafi ya buɗe. Kafin mako ya zagayo ka sake danna manhaja. Abincin wata guda kake ci kafin kuɗinsa su zo, kuma kana biyan lada mai tsada a kan wannan tazarar. Duk aikin da ke gabanmu shi ne mu rufe tazarar nan ta wata ɗaya, daga baya mu juya ta, ya zama albashin wannan wata shi zai ciyar da wata mai zuwa.

Dubi tsadar manhajar nan da kyau. Dubu 12 a kan dubu 40 cikin kwana 30, kashi 30 cikin ɗari ke nan a wata. Idan ka ci gaba da biya kana sake karɓa har shekara, ka ba su dubu 144, kusan albashinka na wata guda cur, kuma dubu 40 ɗin tana nan a wuyanka ba ta ragu da ko kwabo ba. Ban da haramcin kuɗin ruwa da kai ma ka sani, ga tozarci. Mutane da yawa sun ga yadda wasu daga cikin waɗannan manhajoji suke kwashe lambobin da ke cikin wayar mutum su aika wa surukansa da shugabanninsa saƙon cin mutunci. Abin ya yi yawa har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fito da ƙa'idojin rajista a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobin waya da hotunan mutane a 2023. Idan sun yi maka barazana irin wannan kana da inda za ka kai ƙara. Amma kuɗin da ka karɓa ka biya, ka goge manhajar daga wayarka a ranar.

Kafin albashi na gaba ya shigo, akwai aiki biyu. Na farko, ka sayi ƙaramin littafin da zai shiga aljihu, ka rubuta duk abin da ya fita daga hannunka, komai ƙanƙantarsa: naira 200 ta ruwan leda, ɗari biyar da ka miƙa wa ƙanenka a bakin masallaci, cajin mai POS, naira 50 da ake cira idan an tura dubu goma ko fiye, kusan naira 7 da ake ɗauka duk lokacin da ka danna lambar banki a waya, datar da ka ranta a kamfanin waya aka cire da ƙari. Da dare kafin ka kwanta ka zauna minti biyar ka cike. Ba na cikin masu cewa waɗannan ƙananan abubuwa su ne suka talauta ma'aikaci. A gida irin naka abinci da haya ne suke cinye kuɗi. Amma na sha ganin mutum ya tattara su a ƙarshen wata ya ga dubu biyar ko shida, kuma a lissafin da za mu yi yanzu za ka ga dubu biyar tana da aiki babba.

Na biyu ya fi wuya, kuma ya fi muhimmanci: ka zauna da maiɗakinka ka buɗe mata littafin nan, har shafin farko. Da yawa daga cikinmu an raine mu a kan cewa mace ba ta sanin albashin miji. Sakamakon shi ne ita tana lissafi da albashin da take zato, kai kana lissafi da na gaske, sai ta riƙa ganin rowa a inda babu ce. Ita ce take auna shinkafa, ita ta san kwana nawa jarkar mai take yi, ita ta san wane sabulu ne yake saurin narkewa. Kasafin da aka tsara ba da ita ba ba ya kai mako biyu. Ga kuma bashin yayanta, wanda ko ba ta faɗa ba yana damunta duk ranar da ta je gida. Ka zaɓi lokacin da yara suka yi barci, ka fara da cewa shawararta kake nema. Idan tana da 'yar sana'arta, ka tuna kuɗinta nata ne, ciyarwa a kanka take. Abin da ta ba da da daɗin rai a rubuta shi, kyauta ne ko rance, don kada ya zama abin gori wata rana.

Yanzu ga lissafi. Ban san farashin garinku ba, saboda haka ƙiyasi zan yi, kai ka gyara da abin da littafinka ya nuna. Wataƙila ka taɓa jin tsarin nan da ya fito daga Amurka, wai rabin albashi ga larura, kashi 30 ga sha'awa, kashi 20 ga ajiya. Ka bar shi inda ka gan shi. Binciken Hukumar Ƙididdiga na 2019 ya nuna abinci kaɗai yana cin fiye da kashi 56 cikin ɗari na abin da gidajen Najeriya suke kashewa, tun kafin tsadar nan ke nan. Namu tsarin daga tukunya yake farawa. A ce abinci dubu 72: dubu 48 ta kayan awo da za a saya gaba ɗaya ranar albashi, masara ko dawa, shinkafa, wake, mai, gishiri da magi, sai dubu 24 ta cefane, naira 800 a rana. Man babur ko kuɗin mota dubu 17. Wuta da ruwa da gawayi ko gas dubu 11. Kati da data dubu 4. Sabulu, omo da ƙananan buƙatu dubu 4. Iyaye da zumunci dubu 7. Jimilla dubu 115. Na san dubu 72 ga mutum shida matsi ne, nama zai yi wuyar gani, kuma ban faɗe ta da sauƙin zuciya ba. Abin da ya rage daga albashi dubu 37 ne. Da wannan dubu 37 za a yi yaƙin duka.

Kuɗin cefanen nan kada ya zauna a asusun banki ko a aljihunka. Ka cire shi sau ɗaya, ka biya cajin POS sau ɗaya, ku raba shi kashi huɗu, kowane kashi a ɗaure da roba a sa a ambulan da aka rubuta makonsa, a ba uwargida ta adana. Idan na makon farko ya ƙare ranar Alhamis, a yi dabara da kuka da daddawa har Asabar, kada a taɓa na biyu. Kuɗin da ido yake ganin raguwarsa ya fi wanda ke cikin waya albarka, don tura kuɗi ta waya ba ya yi wa mutum zafi a lokacin.

Sai abin da na fi so ka riƙe daga duk wannan amsa. Akwai wani bawan Allah da yake zuwa ofishinmu duk farkon Satumba, hularsa a hannu, ya cike takardar rancen gaggawa. A gurbin dalili kullum abu ɗaya yake rubutawa: kuɗin makarantar yara. A shekara ta uku na jawo fayil ɗinsa na shimfiɗa masa takardun uku a jere, duka Satumba, duka dalili ɗaya, na ce, "Yallaɓai, wannan ai ba gaggawa ba ce, tun bara ka san ranarta." Ya yi shiru yana kallon rubutun hannunsa, sannan ya ce wallahi bai taɓa kallon abin ta nan ba. Haka muke duka. Haya tana zuwa sau ɗaya a shekara, a watan da muka sani. Makaranta sau uku, Satumba, Janairu da wajen Afrilu. Azumi da sallah biyu suna cikin kalanda tun farkon shekara. Amma sai su same mu kamar gobara, mu ruga neman rance. Yawancin bashin da ke kanka, idan ka bi sawunsa, daga irin waɗannan ya samo asali, ina kyautata zaton har da dubu ɗarin yayan matarka.

Maganinsa a mayar da na shekara na wata. Hayarka dubu 180, dubu 15 ke nan duk wata. A ce makarantar boko da Islamiyya da littattafai da kayan makaranta dubu 30 a zango, dubu 90 a shekara, dubu 7 da ɗari biyar a wata. Azumi da sallah a ce dubu 60, dubu 5 a wata. Gaba ɗaya dubu 27 da ɗari biyar. Wannan kuɗi ba naka ba ne ko da yana hannunka, na mai gida ne da makaranta, ajiya kawai aka ba ka.

Ga yadda zan jera watannin. A watan farko dubu 37 ɗin nan kaf ta tafi ga manhaja, saura dubu 15 ta cika 52. Wannan dubu 15 a nemo ta daga cikin gida: tsohuwar waya, janareton da aka daina tayarwa, kaji, duk abin da rashinsa ba zai hana aiki ko cin abinci ba. Babur ɗin zuwa aiki da keken ɗinkin uwargida ba sa cikin abin sayarwa. Da zarar an rufe wannan ƙofa, dubu 12 da take zuba duk wata ta tsaya.

Amma wannan ba zai yiwu ba sai mai shago ya yarda, don haka shi za ka fara gani, tun kafin albashi. Kada ka aika yaro, kada ka yi ta waya. Ka je da kanka bayan Isha'i lokacin da shagon ya yi sauƙi, ka ce masa: "Alhaji, dubu 64 ɗinka tana nan, ban manta ba. Ina so a rufe shafin nan, daga yau abin da zan saya a wurinka da kuɗi hannu zan saya, tsohon kuma in riƙa ba ka dubu 8 duk wata daga wata mai zuwa har wata takwas." Ka lura, shi ma yana da riba a ciki: bai rasa ciniki ba, kuɗin hannu zai riƙa gani, kuma tsohon bashin yana raguwa, alhali a da kullum dubu sittin da wani abu tana kwance a wurinka. Zai iya cewa dubu 8 ta yi kaɗan, shi ma jarinsa ne, ku daidaita. Ka cika alkawarin sayen a wurinsa ko da wani abin ya fi araha a kasuwa da 'yar naira hamsin, domin ya rufa maka asiri lokacin da babu.

Daga wata na biyu, dubu 37 ta kasu uku: dubu 8 mai shago, dubu 5 abokin aikinka, dubu 24 asusun shekara. Abokin aikinka zai gama karɓar nasa a wata na bakwai. Daga na takwas dubu biyar ɗinsa ta koma ga yayan matarka. A wata na tara mai shago ya fita, kuma a wannan watan ne cirewar ƙungiya take ƙarewa, tunda dubu 180 a kan dubu 20 wata tara ne. Saboda haka a wata na goma za ka wayi gari da dubu 33 da babu mai ita: 20 ta ƙungiya, 8 ta shago, 5 ta abokin aiki. A nan ne mutane suke faɗuwa. Albashi ya ƙaru a ido, sai a ga ai an sha wuya, a ɗan sarara, ko kuma sakataren ƙungiya ya ce ka cancanci sabon rance. Ka daure. Dubu 33 sau uku ta share dubu 90 da ta rage wa surukinka. Wata goma sha biyu ke nan, shafin farko na littafinka ya koma sifili, in Allah Ya yarda.

Me ya sa na bar surukinka a ƙarshe alhali nasa ya fi na shago yawa? Saboda nasa ba ya ƙaruwa, kuma shi ne ya fi iya haƙuri. Amma haƙurin yana da sharaɗi, kada ka yi shiru. Abin da yake ɓata zumunci a harkar bashi shi ne ɓuya: a daina ɗaga waya, a canza hanya, a ƙi zuwa suna don kada a haɗu. Ka je ka same shi da takarda, ka nuna masa watan da zai fara gani da watan da zai gama. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa take, kuma ta 280 ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Ta ɗaya ɓangaren kuma hadisi ya tabbata cewa jinkirin mai hali zalunci ne, kuma ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Don haka littafin nan ya zama uwargida ta san inda yake, saboda rai.

Akwai giɓi a lissafin, ba zan ɓoye maka ba. Asusun shekara yana buƙatar dubu 330, abin da za ka tara a wata goma sha ɗaya dubu 264 ne. Saura dubu 66, kusan daidai kuɗin azumi da sallah da ɗan ɗoriya. Ma'ana sallar bana ta talaka ce: yara su samu ɗinki ɗaya a ƙaramar sallah, manya su wanke na bara. Layya tana kan mai hali, kuma wanda ake bi dubu ɗari huɗu bai kamata ya ci wani bashin don rago ba. Ka tambayi malamin da ka amince da shi ya ƙara maka bayani. Haka anko da gudummawar biki. Dubu 7 da muka ware ta iyaye da zumunci ita ce iyaka, iyaye a gaba. Idan ta ƙare, ka je da ƙafarka, ka yi Allah Ya sanya alheri, ka taya aiki. Za a yi magana, musamman a shekarar farko, kuma zai yi maka ciwo. Ka sa a ranka shekara ɗaya ce. Idan kuma watan haya zai riski asusun bai cika ba, ka je wa mai gida wata biyu kafin lokaci ka nemi ya karɓi rabi yanzu rabi bayan wata shida. Wanda ya zo da wuri ana saurarensa fiye da wanda aka zo ƙwanƙwasa wa ƙofa.

Abin da ya fi rusa irin wannan tsari shi ne rashin lafiya. Zazzaɓin cizon sauro ɗaya a damina ya kwantar da yara biyu, lissafin wata ya watse. Ka bincika a ofishinku ko ana cire maka kuɗin inshorar lafiya, domin jihohi da dama suna da hukumar taimakekeniyar lafiya ta ma'aikata, kamar KSCHMA a Kano. Na ga ma'aikata da ake cire musu duk wata amma ba su taɓa zuwa sun yi rajistar iyalinsu sun zaɓi asibiti ba, suna ta biya daga aljihu. Ka karɓi takardar albashinka ka karanta layi-layi: kashi 8 na fansho, haraji, ƙungiyar ƙwadago, da sauransu, ka tabbata ba a ci gaba da cire wani abin da ka riga ka gama biya ba. Sannan duk kuɗin da ya shigo ba daga albashi ba, na darasin yamma da kake koya wa yaran unguwa, na duba takardun jarrabawar WAEC ko NECO, ariyas, ko kyauta, kada ya shiga tukunya. A tara shi gefe har ya kai dubu 30, a sa masa suna kuɗin asibiti. Bayan ya cika, abin da ya biyo baya ya cike giɓin asusun shekara. A matsayinka na malami, yara biyar kacal da za ka riƙa yi wa darasi bayan La'asar za su iya canza wannan lissafi gaba ɗaya, kuma na fi son ka sa ƙarfinka a nan da ka ƙara matse abincin yara.

Inda za a ajiye kuɗin shekara yana da muhimmanci. Kada ya kwana a asusun albashi. Ka buɗe wani daban wanda ba ka karɓi katinsa ba, ba ka kuma sa manhajarsa a waya ba, ka tura ranar da albashi ya shigo, kafin komai. Idan kana gudun kuɗin ruwa akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019. Ƙungiyarku ma tana iya karɓar ajiya ta musamman. Adashi yana da kyau ga wanda hannunsa ba ya riƙe kuɗi, da sharaɗin ka san uwar adashin da mutanen ciki, kuma ka nemi kwasarka ta faɗo a watan haya. Ka tuna dai, ranar da ka kwasa, sauran zubin ya zama bashi a kanka, don haka kada ka shiga biyu. Idan asusun ya ɗan yi kauri a lokacin kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, sayen buhun masara ko gero na ci ya fi barin takardar kuɗi tana rage daraja, domin bisa al'ada hatsi ya fi araha a lokacin, ya fi tsada a tsakiyar damina. Na ci nake nufi, ba na ɓoyewa don riba ba, saboda akwai shekarun da farashi yake faɗuwa bayan kaka. Kuma kada a taɓa kuɗin haya saboda hatsi.

Za a zo maka da shawarar ka ci babban bashin banki na albashi ka biya kowa lokaci ɗaya ka huta. A yanayinka ban goyi baya ba. Ban da manhaja, duk masu binka ba sa ƙara maka ko kwabo, to don me za ka musanya su da mai ƙari? An sayar da kare an sayi biri ke nan. Ka kuma sani tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar bin lambar BVN su cire bashinsu daga duk wani asusunka a kowane banki idan ka gaza biya, har da wancan na ajiyar haya. Ko kayan da bankin Musulunci zai saya ya sayar maka ka riƙa biya a hankali, halal ne, amma nauyi ne a kan albashi, ka jinkirta shi. Sai masu cewa kawo dubu hamsin ta zama ɗari a wata. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, CBEX ta yi haka a Afrilun 2025, kuma cikin waɗanda irin wannan yake cinyewa akwai masu bashin da suke neman mafita cikin gaggawa. Cacar ƙwallo ma haka.

Bayan wata na goma sha biyu, dubu 33 ɗin nan ta ci gaba da fita ranar albashi kamar har yanzu ana binka, sai dai yanzu asusunka take shiga. A wata huɗu ta zama dubu 132, ta haura dubu 115 da gidanka yake ci a wata. Daga ranar, kayan awo da cefanen wata za su fito daga abin da ke ajiye, albashin da ya shigo kuma ya zauna ya jira wata mai zuwa. Ko an yi jinkirin biya da mako biyu, kamar yadda yake faruwa a wasu jihohi da ƙananan hukumomi, ba za ka aiki yaro shago da "a rubuta" ba. A takarda wata 16 ne. Da yake farashi yana motsi, kuma za a samu watan da lissafi zai karye, ka sa ran shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Watan da ya karye kada ka jefar da littafin. Ku zauna da uwargida daren da albashi zai shigo, ku duba inda aka zarce, ku rage wa mai shago ko abokin aiki na wannan watan bayan kun sanar da su, ku sake ɗaure ambulan huɗu.

Idan ka kammala rubutun wata guda, ka sake aiko mini da ainihin alƙaluman abinci da na mota da watan da hayarku take cika, sai mu gyara jerin watannin a kansu.